Kurkunun da Ba Ya Son Hayaniya

Da sunan Allah da ya saukar da cuta, ya kuma ajiye maganinta a hannun wanda ya ga dama, ko da a garin da kuke gaba da shi ne. Ni ce Delu, ta gidan Malam Hamidu mai fatauci a Tudun Marke, tsakanin Bagwai da Tsanyawa. Na rubuta wannan domin duk wanda kurkunu ya kama masa ɗan'uwa ya san abin da zai yi, ya kuma san wanda zai kora daga ɗakin. Gwaggona da ta koya mini ajami ta ce in rage ƙari a cikin zance. Na rage. Abin da ya saura na yi na yi ya ƙi fita.

Garinmu da Kwarin Gawo tafki ɗaya ne ya raba mu. In zakaransu ya yi cara, namu ke amsawa, kuma rabin matan garinmu daga can aka auro su. Ranin da ya wuce ruwa ya ja baya, shanunsu suka shigo wajen da muke ɗiba suka dama shi ya zama kunu. Samarinmu suka tafi kora, nasu suka fito, aka kaure. A nan ne wana Ilu, wanda shi ne sarkin samarinmu, ya karya hannun wani Ɗanjuma da gora. Daga ranar dattawan kowane gari suka yanke cewa ba shiga ba fita, mace ko uwarta ba za ta je gani ba. Samarinmu kuma suka rantse, da an gama noman farko za su kewaye tafkin da shinge, wanda ya taɓa shingen a ga jini.

Babanmu ya tafi Gwanja sayen goro shekara biyu ke nan, saboda haka gonar gidanmu da bakunanmu duka a kan ƙafafun Yaya Ilu suke. Shi kuwa mutum ne da in ya yi gyaran murya kaji ke hawa danga. Ni kaɗai ce ba na tsoronsa, don na fi shi gudu in da lungu.

Makon farko, bayan an gama shuka, ya fara susar idon sawunsa na dama. Sai zazzaɓi, sai wani bororo ya taso. Ya ce ji yake kamar an ɗaure masa garwashi da tsumma. Ya tsoma ƙafar a kaskon ruwa, bororon ya fashe, sai ga wani ɗan farin kai ya leƙo kamar zaren da Inna ke kaɗi. Kurkunu ke nan. Ba baƙonmu ba ne, duk damina sai ya kwantar da mutane, amma bana kamar gayyarsa aka yi.

Yaya Ilu ɗan fari ne, don haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta shiga ɗakinsa, ba ta nuna wa kowa ta damu. Ni ce ƙafarta, ni ce bakinta. "Ke Delu, je ki ga ko wancan ya sha kunun." In na dawo na ce ya sha, sai ta ce, "Wa ya tambaye ki?" Ta haka jinyar ta faɗo kaina.

Mako na biyu na masu shawara ne. Wata ta ce a gasa ganyen tumfafiya a ɗaura, aka ɗaura. Wani ya ce kashin shanu mai ɗumi, aka shafa, ƙudajen garin nan kaf suka zo dubiya. Malam ya yi rubutu aka sha, Allah ya saka masa, shi kaɗai ne bai jira tuwo ba. Sauran duk wanda ya kawo shawara sai ya zauna ya ga yadda za ta yi aiki, zaman kuwa ba ya yiwuwa da miyar kuka zalla. Kajin Inna suka yi ta raguwa har wadda ta rage ta koma kwana a gidan maƙwabta.

Sai Baffa Sale, ƙanen Baba, wanda ke riƙe da gidan. Ya shigo ya tarar na naɗe ɗan abin da ya fito a jikin tsinke ina lallaɓawa.

"Mene ne wannan? Tsutsa ake wa fadanci? Matsa nan!"

"Baffa, an ce ba a ja."

"Wa ya ce? Mata? Ni na ja guga kamu talatin, tsutsa ce za ta gagare ni?"

Ya daka mini tsawa, ya kama, ya fizga. Na ji ƙis. Ihun da Yaya ya yi, wallahi masu cin kasuwar Tsanyawa sun waiwaya. Baffa ya dubi guntun da ke hannunsa, ya ce dama wannan ruɓaɓɓe ne, ya fita.

Mako na uku ba abin dariya a cikinsa, na duba ban samu ba. Ƙafar ta kumbura ta zama turmi har gwiwa. Zazzaɓi ya ƙi sauka, ɗakin ya fara wari, gwiwar ta soma ƙagewa, ba ta miƙuwa. Mutumin da ke cinye malmala huɗu ya koma sai na ɗura masa koko da ludayi. Muna da wani tsoho a unguwarmu da kurkunu ya ƙage wa gwiwa tun yana saurayi, da gindi yake tafiya har yau. Duk sanda ya wuce ƙofar gidanmu sai in ga Inna ta kawar da kai.

Aka kira wanzami ya yi sakiya, wato ya huda kumburin da ƙarfe mai zafi. Mugunya ta fita, zazzaɓin ya ɗan lafa. Amma da ya shafa ƙwaurin sai ya girgiza kai.

"Akwai na biyu, ga shi nan kwance, ya kusa leƙowa. In shi ma ya tsinke, wannan ƙafa sai dai ta ado. Ni hudawa na iya. Hannun da na san yana fitar da shi ɗungurungum ɗaya ne a ƙasar nan, Yalwa ta Kwarin Gawo."

Iya Yalwa ita ce uwar Ɗanjuma mai karyayyen hannu. Kuma ita ce ƙawar Inna tun suna 'yan mata, ƙawance na gaske da aka raba goro a kansa.

Baffa ya ce, "Gara ya gurgunce da mu kai wa mutanen nan kuka." Na dubi ƙafafun Baffa, duka biyun lafiya lau.

Da gari ya waye Inna ta ɗauki tulu, ta ɗora mini ƙwaryar daddawa, muka fita kamar za mu ɗebo ruwa. Muka isa tafki, ba ta tsaya ba, muka zagaye. A ƙofar shiga Kwarin Gawo wani dattijo ya tare mu da sanda.

"Ina zuwa, mutanen Tudu?"

Inna ta durƙusa ta ce, "Dubiya, Baba. Mun ji Ɗanjuma na kwance da kurkunu."

Ya yi ta taunar baki. An hana biki, an hana ziyara, amma ba wanda ya tuna ya hana dubiyar mara lafiya, kuma ba dattijon da zai so a ce shi ya fara hanawa. Ya janye sandarsa.

Mun tarar da Iya Yalwa tana tsince gero. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Wa nake gani kamar Hanne? Ashe ba ki mutu ba."

"Da na mutu ai da kin ji, tunda ke za ki yi mini wanka."

"Wata bakwai, Hanne."

"Wata bakwai ke ma ba ƙafa aka yanke miki ba."

Muka gaida Ɗanjuma, nasa a ƙafar hagu, hannun kuwa ya ɗoru. Sannan Inna ta shiga kewaye-kewaye. Ta tambayi damina, ta tambayi awaki, ta tambayi wata tsohuwa da ta rasu tun kafin a haife ni. Can ta ce, "Akwai wani yaro a gidanmu, shi ma ba ya jin daɗi."

"Wane yaro? Yara sun yi yawa a gidanku."

"Wancan."

"Wancan wa?"

Na gaji, na ce, "Yaya Ilu ne, Iya, wanda ya karya wa..." Inna ta sakar mini mintsini da har yanzu in hadari ya haɗo nakan ji wurin. Iya Yalwa ta ajiye faifai ta dubi ƙawarta. Sai na ga hawaye a fuskar Inna, abin da ban taɓa gani ba a kan Yaya.

Iya ta matsa kusa da Inna. Sannan ta ce, "Ni na yanke masa cibiya. Hannun da ya ɗaga gorar nan ni na fara wanke shi. Ke mai bakin aku, fita ki taya yara surfe."

Suka kulle kansu a ɗaki har azahar. Ina surfe ina kasa kunne, ban ji komai ba sai ƙus-ƙus, can kuma sai dariya. Na ce a raina wace irin uwa ce wannan, ɗanta na kwance tana dariya.

Washegari Iya Yalwa ta aika wa dattawan garuruwan biyu da sharaɗi biyu. Na farko, ita tsohuwa ce, ba za ta iya zirga-zirga tsakanin gari da gari ba, don haka duk mai kurkunu a kawo mata shi tsohuwar rumfar masaƙa da ke bakin tafki, wadda ba ta kowa ba ce. Na biyu, kurkunu yana da kunne. Ba ya son hayaniya, ba ya son zancen faɗa, ko gora ya gani sai ya noƙe, in ya noƙe kuwa tsinkewa zai yi. Ta ce, "Na farkon ma ai tsawar Sale ya ji." Baffa ya buɗe baki zai musa, ya tuna kowa ya ji tsawar, ya rufe. Dattawa suka yi gunaguni suka yarda, don kowannensu yana da ɗa ko jika a kwance.

Haka aka ɗauko Yaya Ilu a kan jaki, aka shimfiɗa masa tabarma. Tabarmar da ke kusa da tasa ta Ɗanjuma ce. Kafin mako ya zagayo majinyata sun zama takwas.

Ga yadda take aikinta, wanda zai koya ya koya. Da hantsi sai ta sa a jiƙa ƙafar a kaskon ruwan sanyi har kan ya leƙo. Ta shafa man kaɗe tana murza ƙwaurin a hankali daga sama zuwa ƙasa. Sannan ta naɗe abin da ya fito a jikin sillen kara, wata rana tsawon gaɓar yatsa, wata rana ko ƙwayar dawa bai kai ba. Da ta ji ya turje sai ta tsaya, ta ɗaure karan da tsumma mai tsabta, sai gobe. Maganarta da ta zauna mini ita ce, "Ba ja ake yi ba, 'yar nan, rakiya ake yi."

Mako na huɗu da na biyar su ne mafi daɗin kwanakin da na yi a duniya. Ga mutum biyu da suka rantse sai sun ga bayan juna, kwance kafaɗa da kafaɗa, ba halin ɗaga murya. Da raɗa suke zagi.

"Ɓarawon ruwa."

"Mai ƙafar turmi."

"Bari in warke."

"Ka warke ɗin tukuna, jarumin da tsutsa ta kayar."

Sai Iya ta ce, "Af, ga shi nan ya fara noƙewa." Nan take sai su sandare kamar gawa, ko numfashi sai sun nemi izini.

Ni kuwa na rama duk ranƙwashin da na sha tun ina rarrafe. In an kawo masa romo sai in zauna inda hannunsa ba ya kaiwa in tsame naman. Ya yi raɗa, "Delu, zan kashe ki." In ce, "Na'am, Yaya? Ban ji ba, ɗan ɗaga murya." Ɗanjuma ya yi ta dariya cikin tabarma har ya riƙe ciki. Ranar da na wuce gona da iri, shi ya miƙa wa Yaya rabin nasa naman, wai don ba ya son ya yi faɗa da ramammen mutum. Bayan kwana biyu na tarar sun haƙa ramukan dara a tsakaninsu, suna cutar juna da raɗa.

Matan garuruwan biyu kuwa kowacce sai ta tuna tana da wanda za ta duba. Uwa ta ga 'yarta, kaka ta ga jikan da aka haifa tun ana gaba. Bayan rumfar ya cika da masu kaɗi, ana magana ƙasa-ƙasa saboda kurkunu. A nan na ji Inna tana cewa, "Mu ke ɗaukar tulun nan safe da yamma. Mu muka san inda ke da laka da inda ke da dutse. An karya hannu a kan ruwan, ba wanda ya tambaye mu." Suka yi ta zane a ƙasa da tsinken mazari har suka daidaita. Gefen gabas mai duwatsu na mutane ne, na kowane gari. Gefen yamma na dabbobi ne, na kowane gari. A kafa turaku a tsakani.

Kada a ce daɗi kawai aka sha. Gonarmu ta arewa ciyawa ta cinye ta muna kallo, ni da Inna rabin ta kusa da gida kawai muka iya nomewa. Tafin hannuna ya yi kanta, bayana kuwa har yau bai yafe mini ba.

A mako na shida aka gama noman farko, ranar rantsuwa ta zo. Kurkunun Yaya na biyu ya cika karan, saura wutsiya. Muna jiƙa ƙafar da hantsi sai muka ji ganga. Samarinmu ne da gorori da itatuwan shinge, sun zo su ɗauki sarkinsu a kafaɗa ya kafa na farko, Baffa Sale a gaba. Ta ɗaya gefen kuma ga samarin Kwarin Gawo sun fito da nasu. Hannun Iya na kan karan, in wani ya yi tuntuɓe ya faɗo rumfar, shi ke nan.

Matan nan ba su gudu ba. Suka kwashi audugarsu suka zauna a kan hanya, wasu ta gabas wasu ta yamma, suka ci gaba da kaɗi. Wanda zai wuce sai dai ya tsallake uwarsa ko surukarsa. Inna, wadda ban taɓa jin muryarta a gaban maza ba, ta miƙe ta ce, "A kashe gangar nan. Duk wanda ya yi ihu a nan, ƙafar mutum takwas tana wuyansa."

Baffa ya ce, "Hanne, koma ciki. Wannan zancen maza ne."

Daga cikin rumfa Iya Yalwa ta ce, "Ranar da ka ja tsutsa ma zancen maza ne."

Wani ya yi dariya a bayansa, aka toshe masa baki. Samari suka ce su dai sarkinsu zai yi magana. Aka ɗaga asabari. Yaya ya yafito su, amma Iya ta ce ba mai matsowa da gora, kurkunu na kallo. Suka zube gororin. Na gaba ya durƙusa ya kai kunnensa bakin Yaya, don da raɗa yake magana. Ni ina kusa, na ji.

"Ku mayar da gangar gida. Itatuwan ku bar su nan. Su Inna za su nuna muku inda za a kafa."

Wannan ya raɗa wa wancan, wancan ya raɗa wa na bayansa. Kafin maganar ta kai ƙarshen layi ta zama wai sarkin samari ya ce a kawo fura. Aka kuwa kawo. Ɗanjuma ma ya yi wa nasu raɗa. Kafin la'asar samarin gari biyu suna haƙa ramin turaku, tsofaffin mata na nuna musu da sanda, matsa nan, a'a ka wuce, dawo. Ba a taɓa yin aikin gayya shiru irin wannan ba.

Washegari dattawa suka zauna a gindin tsamiya tun hantsi har azahar, suka fito suka sanar cewa bayan dogon tunani sun ga ya dace gabas ta zama ta mutane, yamma ta dabbobi. Haka aka kai wa dagaci labari, ya yaba wa hikimarsu, ba a ambaci mace ko ɗaya ba. To ni na ambata: Yalwa ce da Hanne, da matan bayan rumfar masaƙa.

Bayan kwana uku kurkunun ya fito ɗungurungum har wutsiya. Ni dai na ce in an miƙe shi zai kai Birni ya dawo, Gwaggo ta ce kamu biyu ne ba kaɗan. Inna ta yi guɗa a bayan rumfa, sannan ta ce wai kunama ta gani. Saura gwiwa. Kullum a gasa ta da ruwan zafi, a shafa man kaɗe, a miƙar da ita kaɗan. Ɗanjuma da ya riga warkewa shi ke miƙarwar, da hannun nan da aka karya, kuma na ga alamar yana jin daɗin aikin. Da sanda Yaya ya fara, sannan ɗingishi.

Abin da zan ce wa masu jinya: kada ku ja, kada ku bar kowa ya ja, ko da shi ke riƙe da gidan. Kada ku jira ƙafa ta kumbura kafin ku nemi mai hannu. Kashin shanu ba ya komai sai tara ƙuda. Iya Yalwa kuma ta ce ta lura masu shan ruwan rijiya ba su cika kamuwa ba kamar mu masu shan tafki, wato abin da aka yi wa faɗan shi ya kwantar da masu faɗan. Allah ya saka mata, ya saka wa wanzami, ya shirya Baffa.

Wani abu dai ya tsaya mini. Ranar da kurkunun ya fito na juya shi ciki da bai a rana, ban ga kunne ba. Na tambayi Iya Yalwa. Ta kama nawa kunnen ta murɗa, ta ce, "Kunnen ai a jikin mai ƙafar yake. Ki kama bakinki."

Na kama har kaka, wanda a wurina babban jihadi ne. Ranar da ake ɗaure gero, Yaya yana zaune a bakin rumbu yana ba samari labarin yadda ya kwantar da tarzoma da magana uku, sai abin ya ƙwace mini. Na raɓa ta bayansa na raɗa masa, "Yaya, kurkunu fa kurma ne. Tsofaffi biyu ne suka yi maka wayo." Na zura da gudu.

Na zaga rumbu, na tsallake turmi, na bi ta lungun awaki inda ban taɓa kamuwa ba. Sai na ji dif dif dif a bayana, ƙafa biyu, ba ɗingishi. A bakin danga ya cafke ni. Ya ɗaga hannu, sai ya sunkuyo ya yi ƙasa da murya.

"Ke yau kika sani. Tun ranar da jakin Ɗanjuma ya sa kai cikin rumfar ya yi kuka a kan ƙafata, abin bai ko motsa ba, na gane. Kina so in miƙe in ce wa samari tsoron gurguncewa nake ji? In Baffa ya ji wannan a bakinki, sai na jefa ki tafkin, gefen dabbobi."

Sannan ya sakar mini ranƙwashin, mai kyau, har na ga taurari da rana tsaka. Ina kuka ina kallon ƙafar nan ta dama da ta biyo ni tun daga rumbu. Na share hawaye na ce masa in ya isa mu sake, wannan karon ya ba ni taku goma.